DABARUN RATAYA: SANDAR LABULE, GIDAN SAURO DA SAURAN KAYA

Bayani domin Hakimai da Malamansu a ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, da dagatai da masu unguwa da ke ƙarƙashinsu, a kan wani al'amari wanda mutane su kan rena, watau yadda a ke rataye labule da gidan sauro da sauran kaya. Mai karatu ya iya cewa wannan ai aikin mata ne da kafintoci, ina ruwan hakimi da shi? Amsar ita ce, gidan sauron da ke naɗe cikin jaka ba ya hana zazzaɓi, ɗakin awo marar labule mata ba su son shigarsa, takardar gona kuwa in ta kwana a ƙasa rabon gara ce. Duk wannan ɓarna a ƙasar hakimi ta ke aukuwa, maganinta kuwa bai wuce sanda da ƙugiya da sanin inda za a kafa su ba.

Ƙasashen nan uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda ruwan sama ya fi na arewa yawa, damina kuma ta kan ja tun daga wajen watan Mayu har zuwa Oktoba. Saboda haka danshi da sauro da gara sun fi damun mutane a nan, bangon ƙasa kuma ya fi saurin sakin abin da aka kafa masa.

DABARUN MUTANEN DA

Ba yau Hausawa suka fara rataya ba. Kowace tsohuwa ta san ragaya, igiyoyin nan da a ke tufkawa da rama ko kaba, a haɗa su ƙasa su zama mazaunin ƙwarya, a ɗaure bakinsu a tankar ɗaki ko a jikin azara. Nono da fura in suna cikin ragaya, kyanwa da kare ba su kai gare su. Manomi ya kan zaɓi zangarkun dawa da masara masu kyau ya rataye su bisa murhu, hayaƙi ya kore musu ƙwari har lokacin shuka. Magina kuma, tun gini yana ɗanye, su kan soka turaku a bango inda mai gida zai rataye riga da gafaka da linzami. Wajen kare ƙofa kuwa akwai asabari, wanda a ke ɗaurewa bisa ƙofa, in an sake shi iska ta shiga ido bai shiga ba, in an so haske a naɗe shi sama.

Labulen yadi bai yawaita a gidajen talakawa ba sai da yadi ya yi araha. Ko da ya ke ƙasar nan ƙasar auduga ce, kamar yadda gonar iri ta Daudawa da injin gurza na Funtuwa suka shaida, saƙar hannu tana da tsada, ba kowa ke iya rataye ta a ƙofa ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta kai Ƙaurar Namoda a 1929 ta sauƙaƙa zuwan yadi da ƙusa da waya da kwanon rufi. Masaƙar Kaduna kuma ta fara aiki a 1957. Sannu a hankali ɗakuna suka sami tagogi masu faɗi, labule ya zama cikin kayan ɗakin amarya.

ABU UKU

Kowace irin rataya, ta fada ko ta bukka, abu uku ne suka haɗa ta. Na fari sanda, ko igiya ko waya, wadda ke ɗauke da kaya. Na biyu mariƙi, watau abin da ke riƙe da sandar a bango ko a rufi. Na uku maratayi, watau zobe ko ƙugiya, ko kuwa kalmasar da tela ya ke yi a bakin yadi a zura sanda ciki. Duk dabarar da masu fasaha suka ƙago a kan wannan sha'ani, gyara ne ga ɗaya daga cikin ukun nan.

Tsarin kuwa daɗaɗɗe ne. A 1925 masu haƙar kayan tarihi suka tono ma'ajin Sarauniya Hetepheres kusa da dalar Giza a Masar. Cikin kayanta akwai rumfar gado ta sanduna masu rufin zinariya, da ƙugiyoyin tagulla jere a sama domin rataye labule, shekarunta sun haura 4,500. Alhazai kuma sun ga yadda a ke ɗaure rigar Ka'aba da igiyoyi a jikin zobban da aka kafa a gindin ɗakin, don kada iska ta ɗaga ta.

MASU ƘAGO SABABBIN DABARU

A ƙasashen Turai da Amurka akwai doka cewa wanda ya ƙago wata dabara ya kan kai zanenta ofishin Gwamnati, a rubuta sunansa, a ba shi takardar shaida, ba mai ikon ƙera irinta ya sayar sai da izininsa, har waɗansu shekaru su wuce. Saboda wannan rajista ne aka san sunayen waɗanda suka gyara sandar labule, da shekarun da suka yi aikin.

A 1864 wani Ba'amurke mai suna Stewart Hartshorn ya sami shaidar wata sanda mai sifirin a cikinta. In an ja labule ƙasa ya tsaya inda aka bar shi, in an ɗan fizge shi ya naɗe kansa sama. Aikin asabari ke nan, sai dai ƙarfe ne ke yin naɗin maimakon hannu.

Bayansa sai Samuel Scottron, Baƙar fata, mazaunin Brooklyn a New York. A 1880 ya ƙago wani katakon ado na saman taga wanda a ke iya ƙara wa tsawo ko a rage. A 1892 ya sami shaidar sandar labule irin tasa, a 1893 kuma ta mariƙi. Amfanin abin da ke miƙewa ya taƙaita shi ne, tagogi ba faɗinsu ɗaya ba, amma masana'anta ta iya ƙera kaya iri ɗaya su dace da kowace taga, ta haka kuɗinsu ya sauko.

A 1907 Charles Kirsch, mutumin garin Sturgis a jihar Michigan, ya fito da sanda fallen ƙarfe mai faɗi, guda biyu ɗaya na shiga cikin ɗaya. Da ya ke a tsaye a ke kafa faɗin nata, ba ta saurin lanƙwashewa ko da ba ta da nauyi. A 1928 kamfaninsa ya kawo sanda mai igiya, wadda in an ja igiyar daga gefe labule biyu su buɗe ko su haɗu a tsakiya. A jihar nan dai, a garin Jackson, an ce wani ma'aikacin kamfanin waya mai suna Albert Parkhouse ya lanƙwasa waya a 1903 ya yi mata kafaɗu biyu da ƙugiya, domin ƙugiyoyin rataye riguna sun yi wa ma'aikata kaɗan. Ita ce hangar da teloli da masu wanki da guga ke aiki da ita yanzu.

Akwai wata matsala da sanda mai zobba ba ta warware ba. In sanda ta yi tsawo lalle a sa mata mariƙi a tsakiya, mariƙin kuwa ya kan tare zobba su kasa wucewa. Maganin wannan shi ne wani dogon ƙarfe mai kama da ƙaramin indararo da aka kifar. Ta bayansa a ke kafa shi a rufi, 'yan ƙugiyoyi kuma suna gudu a cikin cikinsa ba abin da ya tare su, har a iya lanƙwasa shi ya kewaye gado. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da alminiyam da roba suka yi araha, irinsa ya bazu a manyan asibitoci.

DOKAR SANDA

Ba lalle ne sai an sayo waɗannan kaya daga birni ba. Abin da ya wajaba shi ne a san dokar da masu ƙago su suka bi, gama maƙeri ko mai walda na kasuwar ƙauye ya iya binta da ƙarfen da ke hannunsa.

Magina sun san azara ba ta ƙetare fiye da wajen ƙafa 6 sai an tallafe ta, shi ya sa in soro zai yi faɗi su ke kafa ginshiƙi ko su ɗaura bakan gizo. Sandar labule ma haka ta ke. Masana aikin gini sun lissafta cewa in aka ninka tsawon sanda sau biyu, aka ninka yadin da ke kanta sau biyu, lanƙwasar tsakiyarta ta kan ƙaru sau 16. Haka nan kuma in aka ninka kaurin sanda sau biyu, taurinta ya kan ƙaru sau 16. Saboda haka ƙarin kauri kaɗan yana da amfani mai yawa, ƙarin tsawo kaɗan kuwa yana da ɓarna mai yawa. In sanda ta wuce ƙafa 5 ko 6 sai a sa mata mariƙi na uku a tsakiya, a raba labulen biyu.

Bututu ya fi sandar ƙarfe cikakkiya mai nauyi daidai da nasa tauri, domin ƙarfensa yana nesa da tsakiya, inda ya fi aiki. Dalilin ke nan da gora, ga rashin nauyi, ta ke da ƙarfi. Bututun famfo mai rabin inci ya ishi ƙofa da taga. Rodin gini yana tsatsa da damina ya ɓata yadi, sai an goge shi an shafa masa fenti. Bututun roba na wayar lantarki kuwa zafin bazara ya kan sa shi ya saki jiki, bai dace ba sai ga ƙaramar taga.

Ga misalin awo. Ƙofa mai faɗin ƙafa 3 tana bukatar sanda mai ƙafa 4, watau ta zarce da inci 6 kowane gefe, don in an zuge labule ya bar hanya. Faɗin yadi ya zama ɗaya da rabi ko ninki biyu na tsawon sanda, watau ƙafa 6 zuwa 8, domin labulen da aka yanka daidai da ƙofa ya kan bar kafa a gefe. A jera zobba inci 5 ko 6 tsakani, ramin kowane zobe ya fi kaurin sanda sosai. A toshe bakin sanda da ɗan katako ko a lanƙwasa shi don kada zobba su zube.

MARIƘI DA BANGO

Mafi yawan ratayar da ke faɗuwa a ƙauyuka, wurin mariƙi ta ke faɗuwa. Ƙusa a bangon ƙasa ba ta da abin kamawa. Duk sa'ad da aka ja labule ta kan ɗan motsa, ƙasa ta zube kaɗan, rami ya ƙaru, ran nan sai a wayi gari kaya a ƙasa. Akwai hanya huɗu ta kauce wa wannan.

Ta fari, in ana sabon gini, a sa magini ya binne turaku na itace mai tauri, kamar marke ko ƙirya ko bedi, kashi biyu cikin uku na tsawonsu a cikin bango, bakinsu ya ɗan dubi sama. A shafa baƙin mai a ɓangaren da za a binne saboda gara. Ta biyu, in ginin tsoho ne, a kafa falanki a kwance bisa ƙofa da dogayen ƙusoshi biyar ko shida, a buga su a karkace suna duban ƙasa, sa'an nan a kafa mariƙi a jikin falankin. Ta haka nauyi ya kan rabu a wurare da yawa. Ta uku, a rabu da bango, a saukar da waya daga azara ko daga katakon rufin kwano ta riƙe sanda. Ta huɗu, a kafa gwafa biyu a ƙasa a ɗora sanda a kansu.

Bulon siminti kuwa cikinsa rami ne. A nemi tsakanin bulo da bulo inda siminti ya cika a buga ƙusar kankare, ko a huda rami a cusa ɗan toshin katako ko na roba, a murɗa noti a ciki.

Kada mariƙi ya yi nisa da bango fiye da bukata. Wanda ya fito inci 6 yana fizgar ƙusarsa ta sama ninki biyu na wanda ya fito inci 3, kamar yadda tulu ya fi nauyi ga wanda ya miƙa hannu da shi bisa ga wanda ya rungume shi.

IGIYA DA WAYA

Mutane suna tsammanin igiyar da aka ɗaure tamau ta fi ƙarko, alhali kuwa ita ce ke tumɓuke ƙusa. Misali igiya mai ƙafa 12, an tara mata kaya mai kilo 2 a tsakiya. In ta sauko inci 4 kaɗai, kowace ƙusa tana jin ja kamar na kilo 18. In aka sassauta ta ta sauko ƙafa 1, jan ya koma wajen kilo 6. Saboda haka a bar wa igiya ɗan ciki. In kuwa ana bukatar ta miƙe sosai, sai a tallafe ta daga rufi a wuri biyu ko uku. Igiyar ragaya da ta rataye iri, in aka huda murfin gwangwani mai faɗi aka zura a jikinta, ɓera ya kan kasa saukowa.

GIDAN SAURO

Nan ne rataya ta zama maganar rai. A ran 20 ga Agusta 1897 likita Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin cikin sauro a ƙasar Indiya, daga nan aka tabbatar sauro ne ke ɗaukarta daga mutum zuwa mutum. Irin sauron da ke wannan ɓarna da dare ya fi cizo, lokacin da mutane ke kwance. Gwaje-gwajen da aka yi a Gambiya da Gana da Kenya da Burkina Faso cikin shekarun 1990 sun nuna yadin da aka jiƙa da maganin sauro yana rage mutuwar ƙananan yara da wajen ɗaya cikin shida. A Burkina Faso ma labule ne aka jiƙa aka rataye a ƙofofi da tagogi da bakin rufi.

Shugabannin Afirka sun taru a Abuja ran 25 ga Afrilu 2000 suka yi alkawarin yaƙi da wannan cuta, a 2009 kuma aka fara babban rabon gidan sauro kyauta a Nijeriya, Jihar Kano tana cikin na farko. Duk da haka, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin a duniya a Nijeriya su ke. Binciken Gwamnatin Tarayya na 2021 ya sami gida 56 cikin 100 suna da gidan sauro mai magani ko da guda ɗaya, amma mutum 36 cikin 100 ne suka kwana cikinsa a daren da ya gabaci binciken. Ƙarancin gidan sauron yana cikin dalilai, zafi yana ciki, rashin wurin ratayewa kuma yana ciki, shi ne kuwa mafi sauƙin magani.

Gidan sauro iri biyu ne. Mai kusurwa huɗu yana da kunnuwa huɗu ko shida, ya fi yalwa, amma yana bukatar maɗauri da yawa. Mai kama da ɗan boto yana da zobe guda a sama, ƙugiya ɗaya ta ishe shi, ya kuwa dace da ɗakin ciyawa. Ga mai kusurwa huɗu hanya mafi sauƙi ita ce a ja igiya biyu daga bango zuwa bango, tsakaninsu daidai faɗin shimfiɗa, a zura kunnuwan a jikinsu. Da safe a zuge shi gefe kamar labule, ɗaki ya koma wurin zama, yara da awaki ba su yage shi ba. Mai kwana a tsakar gida saboda zafi ya kafa gwafa huɗu ya ɗaura.

A rataye shi ƙasa-ƙasa yadda gefensa zai ragu a cusa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe, a kuma miƙe shi don kada ya kwanta a jikin mai barci, gama sauro yana cizo ta cikin raga. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga. An yi shi ne ya jure wanki wajen sau 20, ya yi shekara 3. A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, kada a wanke shi a rafi ko tafki domin maganinsa yana kashe kifi. Ko yaya ya yage a ɗinke nan da nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya tsufa, bayan an sami sabo, a iya yanka shi a yi labulen taga ko na ƙofa da shi. Amma kama kifi da shi, ko shingen lambu da sabo, ɓarnar dukiyar jama'a ce.

ƊAKIN SHAN MAGANI, MAFAKA DA OFIS

Mace mai ciki ba ta yarda a duba ta a inda masu jira ke kallo, mijinta ma ba ya yarda. In ɗakin awo ɗaya ne da na jira, bututu guda da yadi ya raba su. Labulen asibiti ya tsaya wajen ƙafa 1 daga ƙasa don kada ya kwashi datti, ya zama mai ƙugiya mai sauƙin cirewa, a kuma tanadi biyu, ɗaya na rataye ɗaya na wanki. Sikelin rataye da a ke awon yara da shi yana ɗaukar har kilo 25, saboda haka a jikin azara ko katako mai kauri a ke ɗaure shi, ba a yarda da ƙusar bango ba. Ledar ƙarin ruwa tana bukatar ƙugiya sama da marar lafiya, maƙeri ya iya yin ta da rodi.

Hare-haren 'yan bindiga sun kori mutanen ƙauyuka da yawa na wannan yanki daga gidajensu. A 2020 an ga iyalai daga ƙauyukan Faskari sun fake a azuzuwan makarantu. Duk inda irin wannan ta auku, iyali da yawa su kan haɗu a ɗaki guda, mata da 'yan mata su rasa sutura. Waya biyu ko uku da aka ja daga katakon rufi, da zannuwa ko tabarmi a kansu, sun isa su ba kowane iyali lungunsa, wayoyin nan dai su ɗauki gidan sauro da dare.

A ofishin hakimi kuwa, takardun gonaki da na gado da rajistar haihuwa da mutuwa kada su taɓa ƙasa, kada kuma su jingina da bango, gama ta nan gara ke hawa. Falankin da aka rataye da waya daga rufi, tazarar tafin hannu daga bango, ya fi akwatin da ke zaune a ƙasa tsaro. Taswirar iyakoki a maƙala mata siririn katako sama da ƙasa, a rataye ta ta katakon, kada a huda takardar da ƙusa.

HATSARI

Labule da gidan sauro suna kama wuta nan take, na roba kuwa narkewa ya ke yi ya manne wa fata. Kada a ajiye aci-balbal ko kyandir ko kaskon wuta ko maganin sauro na kunnawa kusa da su, musamman da hunturu. Igiyar da ta yi zarge tana shaƙe yaro in ya sa wuyansa. A Amurka yara da yawa sun mutu ta wannan hanya, har aka kafa ƙa'ida a 2018 cewa labulen taga da a ke sayarwa shiryayye a kanti ya zama marar igiya mai lilo. A naɗe ragowar igiya sama inda hannun yaro ba ya kai. Kada kuma a ɗaura komai a jikin wayar lantarki.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

1. Malamin hakimi ya nemi dagatai su ƙidaya makwantai, watau gadaje da tabarmi, tare da ƙidayar mutane. Ƙa'idar rabo ita ce gidan sauro ɗaya ga mutum biyu, amma a makwanci a ke rataye shi.

2. Bayan kowane rabo da mako biyu a sake zagayawa, a rubuta nawa aka karɓa, nawa ke rataye, da dalilin wanda ba a rataye ba. Da ya ke maza ba su shiga gidajen aure, ungozomomi da mata ma'aikatan lafiya su ne za su duba ciki.

3. Ran kasuwa a kafa gado da tabarma a ƙofar fada, a nuna wa jama'a ratayar igiya biyu da ta gwafa huɗu. Abin da ido ya gani ya fi shela zama a zuciya.

4. A kira sarkin maƙera da sarkin magina da shugabannin kafintoci da teloli, a karanta musu dokar sanda da ta mariƙi. A roƙi magina su riƙa binne turaku a kowane sabon ɗaki.

5. Hakimi in ya fita rangadi ya leƙa ɗakin shan magani da makarantar kwana da makarantar allo, ya duba ko akwai labule da wurin rataye gidan sauro. Abin da ya fi ƙarfin gari a rubuta wa Ƙaramar Hukuma.

6. Kada neman gwafa da turaku ya zama dalilin saran gandun daji. Rassan bedi da na turare da gora sun isa.

Ba wani kuɗi mai yawa wannan aiki ke ci ba, ƙarfe da itace da masu sana'a duk suna nan cikin ƙasa. Talakawa kuwa da abin da suka gani a gidan shugabansu su ke koyi, saboda haka ya kyautu a fara daga gidan hakimi da ofishinsa kafin damina ta faɗi. Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya.